Muna gaba har zango na uku, a na huɗu sai a wuce mu: ta ina zan fara gyara?

Tambaya: Ina horar da yara maza 18 'yan sakandare ƙwallon kwando. Filinmu ɗaya ne, na siminti a waje, ƙwallo huɗu gare mu, muna atisaye sau uku a mako bayan la'asar. Sau da yawa mu ne a gaba har zango na uku, amma da zarar abokan karawa sun matsa mana tun daga ƙarƙashin kwandonmu sai yaran su ruɗe, a zango na huɗu kuma a wuce mu. Ga shi ba kullum suke zuwa atisaye ba. Ta ina zan fara?

Amsa: Koci, sannu da ƙoƙari. Abu uku ka lissafa, amma biyun farko, ruɗewa a gaban matsi da faɗuwa a zango na huɗu, jijiyarsu ɗaya ce. Kafin ka canza komai a fili, ka nemi takarda da biro.

A wasanni biyu masu zuwa ka zaunar da mutum ɗaya a gefe, malami ko yaron da ba zai buga ba. Ya raba takardar gida huɗu, kowane zango da gidansa, ya riƙa ƙirga abu huɗu: jifa nawa kuka yi, nawa suka shiga, sau nawa ƙwallo ta bar hannunku ba ku yi jifa ba, sau nawa abokan karawa suka yi jifa ta ƙi shiga kuma suka sake cafe ta, jifan fawul nawa kuka samu, nawa kuka ci. Wani masanin lissafin wasan ɗan Amurka, Dean Oliver, shi ya ware waɗannan huɗun a matsayin masu yanke hukuncin wasa, ya ba jifa kashi 40 cikin 100, zubar da ƙwallo 25, cafe wadda ta ƙi shiga 20, jifan fawul 15. A wajen zubar da ƙwallo mai ƙirgar ya ƙara rubuta yadda ta tafi: fasin aka tare, taku ya yi yawa, ko sakan 8 ne ya cika ba ku tsallake tsakiya ba.

Amfanin takardar shi ne, zuciyar koci tana riƙe jifan ƙarshe da aka ɓarar, ta manta da ƙwallaye goma da aka miƙa wa abokan karawa a hannu. A ce kun zubar sau 22, su sau 12. Sun fi ku damar jifa da goma ke nan, kuma wadda aka ƙwace a tsakiyar fili yawanci ba a ɓarar da ita, domin babu kowa tsakanin mai ƙwacen da kwando. Ko manya haka abin yake musu. A gasar Olympics ta Paris a 2024, D'Tigress, 'yan wasan mata na Najeriya, ƙarƙashin koci Rena Wakama sun doke Ostareliya 75 da 62, kuma babban makaminsu shi ne matsin da ya sa Ostareliya ta zubar da ƙwallo fiye da sau 20. Gyaran hannun mai jifa yana cin watanni, rage zubar da ƙwallo kuwa za ka ga alamarsa cikin makonni kaɗan. Shi ya sa na ce ka fara da matsi.

Ka lura da abin da ke faruwa idan an ci ku. Wani ya ɗauki ƙwallo ya tsaya daidai ƙarƙashin allo, ya miƙa wa ƙaramin yaronka mai saurin nan a lungu. Yaron na cafewa sai ya sunkuyar da kai ya fara buga ta a ƙasa yana bin layin gefe. Mutum biyu suka rufe shi, ya riƙe ƙwallo da hannu biyu, ya juya musu baya, ya ɗaga ta sama, ya cilla ta sama-sama yana fatan wani nasa ya kama. Sauran huɗun duk sun gudu gaba suna ɗaga hannu. Kuskure biyar ne a cikin sakan biyar, kuma kowanne yana da magani.

Mai shigo da ƙwallo ya kauce daga ƙarƙashin allo, domin allon yana tare doguwar jifa. Ka kuma koya masa dokar da yara da yawa ba su sani ba: idan bayan an ci ku ne, yana da damar gudu a bayan layin ƙarshe daga wannan gefe zuwa wancan, har ya miƙa wa wani nasa da ya fita bayan layin, muddin ƙwallo ta shigo cikin sakan 5. Idan bayan busa laifi ne, ba shi da wannan damar. Ka zaɓi mutum ɗaya mai tsayi da natsuwa ya zama shi ne mai shigowa kullum.

Mai karɓa kada ya karɓa a lungu. Layin gefe da layin ƙarshe masu tsaro ne da ba sa gajiya, wanda ya tsaya a lungu ya ba abokan karawa mutum biyu kyauta. Ya karɓa wajen tsawon layin jifan fawul, taku uku ko huɗu daga gefe. Yana cafewa ya dira da ƙafa biyu, ya juya ya fuskanci fili, ƙwallo a ƙirji, gwiwar hannu a buɗe, ya duba. Bugawa a ƙasa ita ce harsashinsa na ƙarshe, wanda ya kashe ta da wuri ya zama gunki.

Sauran kuma su ba shi ƙofa uku a kowane lokaci: ɗaya a bayansa, wato mai shigowar da ya taka cikin fili, ɗaya a tsakiya, ɗaya a gaba ta layin gefe. Na biyar yana can nesa yana jan mai tsaron ƙarshe. Lissafin mai sauƙi ne, ka faɗa wa yaran da bakinka: in mutum biyu suka rufe mai ƙwallo, saura uku ne ke tsaron huɗu, dole akwai wanda ba kowa a kansa. Na tsakiyar shi ne mabuɗi. Ka sa mai hannu mai kyau a wurin, ya zo ya tarbi ƙwallo da gudu, kada ya tsaya jiranta. Yana karɓa ya juya ya duba ɗaya gefen, domin masu tsaro duk sun karkata inda ƙwallo ta fito. Mayar da ƙwallo baya ga mai shigowa ba abin kunya ba ne, sakan 8 yana da yawa ga wanda bai firgita ba.

Wuri mafi haɗari a fili shi ne taku ɗaya bayan tsallake layin tsakiya, kusa da gefe. A nan ba ka da damar komawa baya, ga layin gefe, ga mutum biyu. Ka ɗauki alli ka zana akwati a waɗannan kusurwoyi, ka ce duk wanda ya tsayar da ƙwallo a ciki ƙungiyarsa ta rasa ta. Cikin mako guda ƙafafunsu za su daina zuwa wurin.

Yadda za ka horar da wannan: mutum biyar su fito da ƙwallo, bakwai su tsare su, babu bugawa a ƙasa ko sau ɗaya, kai kuma kana ƙirga takwas da ƙarfi. Ranar farko za su sha wahala, ka bar su su sha. Idan suka fara tsallakewa sau uku cikin biyar, ka rage masu tsaro zuwa shida ka yarda da bugu biyu, daga nan biyar da biyar. Yaron da ya saba da bakwai, in ya ga biyar ranar wasa fili zai yi masa faɗi. Kuma kada su tsaya da tsallakewa kawai. Duk lokacin da suka fasa matsi suka samu biyu a kan ɗaya, su tafi kwando kai tsaye. Ƙungiyar da ta matsa aka ci ta sau uku a jere, kocinta da kansa zai ce su koma baya.

Yanzu zango na huɗu. A dokar FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, wasa zango huɗu ne na minti 10, mutum biyar a fili, jimla minti 200 ke nan da za ka raba wa 'yan wasanka. Idan biyar ɗinka na farko kowa yana buga 36, sun cinye 180, benci ya tashi da 20. Wannan shi ne abin da ya fi kashe ƙungiyoyin makaranta, kuma laifin koci ne. Ka gwada biyar su buga 28, uku su buga 20, lissafi ya cika 200. Ka fara canji tun minti na biyar ko na shida na zangon farko, lokacin da kowa ke da ƙarfi. Gwaninka kuma ka fitar da shi saura minti ɗaya ko biyu a gama zango na uku. In ka haɗa da hutun minti 2 da ke tsakanin zango na uku da na huɗu, ya samu hutu mai kyau alhali wasa kaɗan ya rasa. Wasu gasannin makarantu suna rage minti ko su bar agogo yana tafiya, sai ka tambayi masu shiryawa ka sake lissafin.

Gajiya tana da alamu tun kafin yaro ya ɗaga hannu, kuma yaro ba zai ɗaga ba. Jifansa ya fara dukan bakin zobe na gaba. Ya dafa gwiwa lokacin jifan fawul. A tsaro ya daina motsa ƙafa ya koma miƙa hannu, daga nan fawul ke fitowa. Fawul biyar yaro ya fita daga wasa, kuma da zarar ƙungiya ta cika fawul huɗu a zango ɗaya, duk wanda mai tsaro ya ƙara jifa biyu ne kyauta ga abokan karawa. Ka duba takardarka, akwai yiwuwar makin da ake wuce ku da shi daga layin jifan fawul yake fitowa.

Zagaye filin ƙwallon ƙafa sau goma a hankali ba ya gina irin numfashin da wannan wasa ke so. Wasan gudu ne gajere mai tsanani, tsayawa, juyawa, sake gudu. Abin da ya fi shi ne uku da uku a dukan tsawon fili, mita 28, minti huɗu ana bugawa, minti biyu hutu, sau uku ko huɗu. Suna samun numfashi, suna kuma taɓa ƙwallo fiye da yadda za su taɓa a biyar da biyar. Ana gamawa, suna haki, ka tura su layin jifan fawul, kowa jifa biyu kawai ya koma baya, kamar yadda yake a wasa. Jifa hamsin a jere da sanyin jiki ba ya koya wa yaro abin da zai yi saura minti ɗaya ƙirjinsa na bugawa. Kowa ya tsayar da al'adarsa guda, misali bugu biyu a ƙasa, numfashi ɗaya, jifa, kuma doka ta ba shi sakan 5 ne.

Sai kai. Minti goma na ƙarshen kowane atisaye ka ƙirƙiri ƙarshen wasa: ka ce maki 52 da 48, saura minti biyu, masu 52 sun cika fawul huɗu. A buga da agogon waya da usur. Gobe ka juya, su ne a baya da uku saura sakan 40. Yara suna rushewa ne a yanayin da ba su taɓa gani ba. Wanda ke gaba ya koyi cewa agogo abokinsa ne, ba a jifa daga nesa bayan fasin ɗaya. Hutun da koci ke nema kuwa biyu ne a rabin farko, uku a rabi na biyu, kuma ba a yarda ka yi amfani da fiye da biyu a minti biyun ƙarshe ba. Kada ka adana su har wasa ya lalace. In an ci ku sau uku a jere ta hanyar matsi, nemi ɗaya nan take. Minti ɗaya ne kacal. Ka bar su su sha ruwa sakan 15, ka faɗi abu ɗaya na tsaro, ɗaya na kai hari, ka sa wani ya maimaita. Faɗa da tsawa a wannan minti asarar hutu ne, yaron da ya ruɗe ƙarin ruɗewa zai yi.

Ƙarancin ƙwallo ba zai hana ka komai ba in ka daina jera yara a layi. Mutum 18 a layi ɗaya da ƙwallo ɗaya, kowa zai taɓa ta sau ɗaya cikin minti biyu, sauran lokacin hira ce. Raba su uku, shida-shida. Rukuni na farko a kwando ɗaya da ƙwallo biyu suna ajiye ta a allo da hannun dama da na hagu, daga kusa. Na biyu a ɗaya kwandon da ƙwallo ɗaya suna uku da uku a rabin fili. Na uku a tsakiya da ƙwallo ɗaya, huɗu suna fasin biyu suna tarewa, duk wanda ya karɓa sai ya dira da ƙafa biyu ya juya kafin ya miƙa. Kowane minti takwas a zagaya. Minti 90 ɗinka sai ya kasu haka: 10 ɗumama jiki, 24 na rukunan nan, 20 fasa matsi, kusan 20 uku da uku na tsawon fili da jifan fawul, 10 ƙarshen wasa, ragowar shan ruwa. Ka rubuta shi a takarda tun daga gida, bayaninka kuma kada ya wuce sakan 30 kafin a fara motsi, ka gyara suna cikin yi. Magariba ba ta jiran kowa.

Yawancin yaranka daga ƙwallon ƙafa suka zo, wannan riba ce. Hakeem Olajuwon, wanda aka haifa a Legas, gola ne a ƙwallon ƙafa kafin ya fara ƙwallon kwando yana ɗan shekara 15 ko kusa da haka, kuma aikin ƙafarsa ne ya fi shahara da shi har ya ci kofin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, da Houston Rockets a 1994 da 1995. Yaranka sun riga sun san ba da fasin a ruga gaba, sun san neman fili. Abin da ba su da shi shi ne hannun hagu da tsayawa ba tare da ƙarin taku ba, sai ka zuba lokacinka a nan.

Siminti yana da nasa sharuɗɗa. Ƙwallon roba za ka saya, ta fata simintin zai cinye ta ta zama sulɓi. Maza 'yan sakandare manya lamba 7, mata lamba 6. Ka sake ta daga daidai kanka, in ta dawo wajen ƙugu iskarta ta yi. Wadda aka cika da yawa ba ta daɗewa a rana. Lokacin hunturu ƙura tana kwanciya a fili ta sa santsi, a share kafin a fara, a ajiye jiƙaƙƙen tsumma a gefe don goge tafin takalmi. Da damina in fili ya jiƙe a haƙura da gudu. Ka rage yawan tsalle-tsalle, domin siminti ba ya sassauta wa gwiwa. Yaron da ke kukan ciwo a ƙasan ƙoƙon gwiwa a rage masa tsalle har ya lafa. Targaɗen idon sawu shi ne raunin da ya fi yawa a wasan nan. Tsayuwa a ƙafa ɗaya sakan 30, daga baya ido a rufe, cikin ɗumama jiki tana taimakawa. In yaro ya gurɗe har ya kasa taku huɗu, a kai shi asibiti a ɗauki hoto kafin kowa ya ja ƙafar.

Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri, simintin yana riƙe zafi har bayan la'asar. Ka ba da ruwa kowane minti 15 zuwa 20, kada hana ruwa ya taɓa zama horo. In akwai sikeli, auna yaro kafin atisaye da bayansa: kowane kilo ɗaya da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta zufa, ya mayar da lita ɗaya da rabi, wato leda uku ta fiya wata. Wanda ya fara tangaɗi ko magana ba kan gado, a kai shi inuwa, a kwarara masa ruwan sanyi ana fifita, a nufi asibiti. Da azumi ka mayar da na yamma mai sauƙi, kamar minti 40 na gyaran jifa da taka tsari a hankali, mai nauyin ka kai shi bayan shan ruwa in akwai fitila.

Batun rashin zuwa, ka tambayi kowane yaro shi kaɗai kafin ka yanke masa hukunci. Wani Islamiyya ce ta ci karo da lokacin, wani shagon babansa yake tsaro, wani kuɗin mota ne ba shi da shi kuma kunya ba za ta bar shi ya faɗa a gaban abokai ba. Waɗannan da iyaye ake warware su. Ka je gida da kanka ka gaida mahaifin, ka faɗa masa ranaku da lokacin tashi, ka kuma cika alkawarin cewa yaro zai dawo kafin magariba. Kada ka yi wa iyaye alkawarin Amurka. In ana son misali, Masai Ujiri a Zariya ya tashi ya fara wasan, bai taɓa buga NBA ba, amma shi ne shugaban Toronto Raptors lokacin da suka ci kofi a 2019. Karatu da riƙon amana za ka nuna musu a ciki. Bayan haka ka buɗe rajista, doka ɗaya ga kowa: wanda ya rasa atisaye ba uzuri ba ya cikin biyar na farko a wasa mai zuwa. Ranar da dokar ta faɗa kan gwaninka, ka zaunar da shi. Sauran 17 suna kallon abin da za ka yi, kuma tunda ka riga ka saba wa mutum takwas da buga wasa, ba za ka rasa wanda zai shiga ba.

Bayan mako huɗu ka sake zaunar da mai takarda. In zubar da ƙwallo ya ragu amma har yanzu ana cin ku a ƙarshe, duba abu na uku a takardar, na ƙwallon da suke sake cafewa. Yaran da suka gaji suna ɗaga kai su bi ƙwallo da ido su manta da mutum. Ka koya musu da zarar an yi jifa kowa ya nemi nasa, ya taɓa shi da hannu, ya juya ya sa masa baya, gwiwa a lanƙwashe, sannan ya nemi ƙwallo. Atisayensa uku da uku ne, kai ke jifa kana ɓararwa da gangan, masu tsaro ba sa fita sai sun cafe sau uku a jere, in masu hari suka cafe ɗaya ƙirga ya koma farko.